Kotun da Kakanki Ya Gina a Juye

Zuwa ga 'yata, ɗiyar yayana, takwarar mahaifiyarmu, wadda har yau bakina bai iya kiran sunanta ba sai dai in ce Uwata.

Assalamu alaikum. Ina miƙo miki gaisuwa daga nesa, gaisuwar tsoho mai yawan tunani da ƙarancin magana. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki da yara, Ya ba babanki sauƙin ƙafar nan da ta matsa masa, Ya ja kwanan innarki. Labari ya iso mini cewa Auta ta sauka lafiya, an sami namiji mai kama da kakansa har da kunnuwan. Allah Ya raya, kunnuwan kuma Allah Ya sa ya girma ya cika su. Na kuma ji an yi wa Gwaggonki aikin ido, kuma wai abin da ta fara gani da aka kwance mata shi ne ƙurar da ke saman kabad ɗin surukarta. To alhamdu lillahi, ido ya dawo ke nan.

Ni ma ina nan lafiya, irin lafiyar da ake faɗa a takarda. Gwiwoyina sun fara kai ƙarata, don aikin da nake yi yanzu na durƙuso ne. Ina shimfiɗa tayil a gidajen mutanen da ba sa tambayar sunana, kuma idan na gama sukan ce in cire takalmi kafin in taka abin da na shimfiɗa da hannuna. Ɗakina yana can sama, tagarsa guda tana kallon bangon wani gini, wanda ya yi bangon kuma bai san aikinsa ba, layin bulonsa yana gangarawa kamar hanyar ruwa. Kullum da safe sai na kalle shi na ja tsaki, sannan in ɗaura takalmi in fita. Kada ki ji tausayina. Ina ci ina sha, kuma ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa a garin nan, abin da na zo nema ke nan tun farko.

Saƙonki ya zo tun watan jiya, na saurare shi ya fi a ƙirga, ban amsa ba, na kuma san shirun ya dame ki. Kin ce an zaɓe ki alƙali, an tura ki babbar kotun garinmu ta kan tudu, kuma ana jiran amsarki kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba a ba wani kujerar. Kin ce da kika gaya wa babanki sai ya ce maganar ba a hannunsa take ba. Ya tuna miki cewa ranar da aka fito da ni daga ginin nan da ankwa a hannu, ya tsaya a kan matakala ya yi mini alkawari cewa muddin yana numfashi ba wanda ya fito daga tsatsonsa da zai sake taka dakalin wurin. Ya ce ki tambaye ni, in na yarda to, in na ƙi ki haƙura. Ke kuma kin ce ba za ki tsallake maganarsa ba, ko da kuwa wannan ce kujerar da kika yi shekaru kina ƙona ido a kan littattafai dominta. Shi ya sa na ƙi kiran waya. A waya ina da gajeren numfashi da dogon fushi. Na ce bari in zauna in rubuta, ki fara sanin ginin da kike tambaya a kansa, don ke ta gilashin mota kawai kika san shi, babanki kuwa idan hanya ta biyo da shi ta wajen sai ya sake wata.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, a duk gine-ginen garinmu shi kaɗai yake zuwa mini a mafarki. Gidanmu ba ya zuwa, gidan yari ma ba ya zuwa. Wani lokaci ba ma barci nake ba. Ina durƙushe da tayil a hannu sai in ga kaina ina hawa tudun nan da sassafe, ina wuce masu buga takardun ƙara da ke jere a ƙarƙashin bishiyoyi, kekunan rubutunsu suna ƙara kamar ana soya wani abu. Sai ginshiƙan nan masu launin ƙasa su taso a gabana, da matakalar dutse da ta lotsa a tsakiya saboda sawun mutane. A saman ƙofa an sassaƙa sikeli, kuma tun ina yaro tantabaru suke sheƙa a kwanonsa guda, har ka ga kamar ya fi ɗayan nauyi. Ƙofar katako ce mai ganye biyu, ƙato ma sai ya sa kafaɗa, amma a mafarkin da yatsa nake tura ta. Ciki akwai sanyin dutse, da warin tsohuwar takarda da na man goge katako, da doguwar barandar nan wadda ƙarar takunka take riga ka isa ƙarshenta. Ba kowa. Benci suna jere kamar masu jiran a kira su, fanka tana juyawa a hankali ba tare da wuta ba, ni kuma ina tafiya ina shafa bango da tafin hannu, ina jin inda aikin wani magini ya ƙare na wani ya fara. Nakan farka tafin hannun nan da sanyi.

Ga tarihinsa kamar yadda kakanki, mahaifinmu, ya ba mu. Tudun nan da fari rumbunan hatsin gari ne a kansa. Daga baya masu mulkin wancan zamani suka kafa wata rumfar kwano suna shari'a a ciki, kuma idan ruwan sama ya sauko sai a dakata, don ba mai jin bakin wani. Har ana tsokana cewa mutane da yawa sun tsira ne saboda ruwa ya cinye hukuncinsu a bakin alƙali. Wata shekara gobara ta lashe rumfar, sai aka ce wannan karon da dutse za a yi, irin ginin da zai sa mai laifi ya ji kwarjininsa tun daga ƙasan tudu. Aka fasa dutse a bayan gari aka riƙa jawo shi a amalanke, aka kawo katako daga wani daji mai nisa, zane kuma ya zo daga babban birni, daga hannun wani mai zanen gine-gine wanda bai taɓa sa ƙafa a garinmu ba. Kakanki a lokacin yana kan ganiyarsa, shi aka damƙa wa maginan duka.

Zanen ya iso a nannaɗe cikin wani dogon gwangwani, a kan wata takarda mai shara-shara, wadda ko ta gaba ka duba ko ta baya layukan suna fitowa ɗaya. Injiniyan da aka turo ya duba aikin kuwa, ranar da ya sauka zazzaɓi ya kayar da shi, aka ɗauke shi zuwa asibitin wani gari. Masu mulki suna ta azalzala a fara kafin damina. Kakanki ya shimfiɗa takardar a ƙasa ya danne gefunanta da duwatsu. Layi da ma'auni ya sani kamar yunwar cikinsa, amma rubutun da ke gefe baƙo ne gare shi, bai san gabansa da bayansa ba. Sai suka kira wani dattijo mai yi musu kwaɓi, don shi kaɗai ne ya yi karatu a cikinsu, karatun nasa kuma na rubutun da ake farowa daga dama ne. Dattijo ya goge hannu, ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa. Ya ce shi dai bai san yaren ba, amma ya san abu guda, duk rubutun kirki daga dama yake tasowa, kuma a wannan fuskar ce ya ga kawunan layukan sun jeru a dama, jelarsu tana yawo a hagu. Kowa ya ce malam ya yi gaskiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Uwata. A bayan takardar suka kafa turaku, suka ja igiya, suka haƙa tushe. Ko da injiniya ya dawo a rame, bango ya kai kafaɗa. Kakanki yakan ce mutumin ya zagaya ginin, ya duba takarda, ya juya ta, sai ya zauna a kan tulin yashi ya yi dariya har da hawaye, daga nan dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba. Rushewa ba ta yiwuwa, aikin gama ya gama. Ya ce a ci gaba a haka. Duk abin da aka so a gabas ya koma yamma, na yamma ya dawo gabas.

Shi mai zanen da wayo ya tsara zauren shari'a. Ya sa kujerar alƙali a gabas, da dogayen tagogi a bayanta, don idan hantsi ya yi, lokacin da ake zama, hasken ya fito ta bayan alƙali. Shi sai ya zama inuwa kawai, murya ba fuska, hasken kuma ya dallare wanda ke tsaye a akwatin tuhuma, a ga kowane motsi na idonsa. A ɗaya bangon, saman ƙofar jama'a, ya sa wata zagayayyar taga don ado, wadda rana ba za ta same ta ba sai da yamma bayan an tashi. Da ginin ya juya, dogayen tagogin suka koma yamma suna haskaka zaure bayan kowa ya tafi, zagayayyar tagar kuma ta dawo gabas. Da hantsi rana takan shigo ta cikinta a dunƙule, ta tsallake kawunan jama'a, ta tsallake wanda ake tuhuma ta bar shi a inuwa, ta sauka a fuskar alƙali. Mutanen gari suka sa wa tagar suna Ido. Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba. Ɗakunan tsare masu laifi, da aka so su a ɓangaren zafi, suka koma inda iska da bishiyoyi suke, ofisoshin alƙalai kuma suka koma suna kallon tashar mota da hayaniyarta. Hasumiyar agogo, da aka so ta kalli kasuwa, ta juya tana kallon maƙabarta, inda ba mai sauri.

Alƙalai sun sha fama da Ido. Wani ya sa a rataya labule, jemagu suka mai da shi gida. Wani ya sa a shafe gilashin da fenti, damina biyu fentin ya ɓare. Wani ya riƙa zama da baƙin tabarau, har sai da wata tsohuwa da ta zo ba da shaida ta tambayi ɗan sanda ko makaho ne zai yi musu shari'a. Kowace gwamnati ta zo sai ta taɓa ginin, wannan ta sake masa launi, waccan ta zagaye shi da katanga, wata ta liƙa masa ƙarin ofisoshi a baya kamar akurkin kaji, amma ainihin ginin bai ko tsage ba. Kakanki yakan ɗauke ni da babanki ranar da ba a zama, mu je mu duba shi, kamar mai ziyarar 'yar da ya aurar. Ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya cire ciyawar da ta tsiro a magudanar rufi. Idan wani ya ce masa ai hikima ce ya yi da gangan, sai ransa ya ɓaci. Yakan ce kada a yi masa ƙarya ko bayan ransa, kuskure ya yi, sai dai ya gina kuskuren da kyau.

Na gode Allah da kakanki bai kai ranar da aka tsayar da ni a ciki ba. Kina ƙarama a lokacin, na san kin ji labarin gutsi-gutsi, bari ki ji shi daga bakina. Wani mai hali, wanda muke kira Mai Bene, ya ba ni aikin gini. Da muka kai rufi sai ya ce a ƙara hawa a sama. Na ce tushen da na haƙa ba zai ɗauka ba. Ya sallame ni, ya kawo wasu suka ɗora masa. Damina ta farko ginin ya zauna, ya danne mai gadin wurin. Allah Ya jiƙansa, shi ne aka fi cuta a cikinmu duka, kuma shi ne ba wanda ya sake ambata. A kotu Mai Bene ya kawo shaidu suka ce ni na yi ginin tun daga ƙasa har sama, kuma na rage rodi. Leburorina, waɗanda suka san gaskiya, a hannunsa suke cin abinci, ba wanda ya leƙo. Ni ɗan wanda ya gina kotun, aka tsayar da ni a cikinta a kan ban iya gini ba.

Alƙalin wani dattijo ne da ake yi wa laƙabi Mai Hankici, don kullum yana share fuska. Ina tsaye a inuwa, shi yana cikin haske, ina ganin har jijiyar goshinsa. Da wani daga cikin shaidun ya ce shi leburana ne, na ga idon alƙali ya sauka a kan hannuwan mutumin, hannuwa masu laushi waɗanda ba su taɓa gaisawa da siminti ba. Na ga ya buɗe baki. Tambaya guda ce ta rage, wa ya ɗora hawan sama. Wallahi na ga tambayar ta hau har maƙogwaronsa, na ga ya dubi bencin gaba inda Mai Bene yake zaune da mutanensa, na ga ya haɗiye ta. Da ya zo karanta hukunci bai ɗago ya dube ni ba. Ban ce an saye shi ba, don ban gani ba, kuma ni ba na shaidar abin da ban gani ba, na san ɗacinta. Bisa abin da aka ajiye a gabansa, hukuncinsa yana da ƙafar tsayawa. Amma ya san akwai abin da ba a ajiye ba, kuma yana da ikon ya ce a kawo. Na yi shekarun da aka yanke mini, na fito, ko akurki ba wanda ya yarda ya ba ni in gina. Shi ne na ɗauki jakata.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma na daɗe ina zomo. Na tsani ginin, na tsani tudun, na tsani har tantabarun. Sai da na yi nisa, na tsufa, na gane wani abu. Da an gina shi yadda mai zane ya so, da inuwa ce ta ɗaure ni, wata murya daga duhu, da na fito ina gaba da shari'a da duniya baki ɗaya, da ban san inda zan ajiye fushina ba sai a kan kowa. Amma na ga fuska. Mutum ne mai gumi da tsoro, wanda ya gaza a wata safiya. Wannan nauyi ne, amma irin wanda ake iya ɗauka a kai a yi tafiya da shi.

Ba zan yi miki ado ba, da saƙonki ya zo abin da ya fara zuwa bakina a'a ne. Na ce su yi ta shari'arsu, jininmu ya biya abin da zai biya a wurin nan. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Na ji wani daɗi a ƙirjina, don tun da aka haife ni ban taɓa zama wanda wani yake tsaye yana jiran kalma daga bakinsa ba. Kullum ni ne a tsaye. Na riƙe shirun nan ina juya shi kamar yaro da alewa. Ran nan ina goge tayil a wani ɗaki da babu kowa, sai na hango ki a raina, kina duba waya kina ajiyewa, kina zuwa aiki kina dawowa, babanki yana kauce wa idonki. Na ga cewa ina zaune a wuri mai nisa inda ba kya ganin fuskata, ina shirin yanke miki hukunci a kan laifin da ba ki yi ba, ban kuma yi miki tambaya ko guda ba. Na zama irin alƙalin da mai zanen nan ya so. Na ajiye tsumman na zauna a ƙasa, har mai gidan ya leƙo ya tambaya ko ba ni da lafiya.

To ga amsata, Uwata. Ki karɓi kujerar. Ban faɗa don na warke ba, ban warke ba, kuma ban yafe wa Mai Bene ba, tsakanina da shi sai gaban Allah. Na faɗa ne don kujerar nan ba za ta zauna ba kowa ba, in ba ke ba wani ne, kuma gobe za a tsayar da wani magini a akwatin nan, leburorinsa su ƙi zuwa. Tun kina ƙarama babanki yake kuka da ke a waya cewa tambayarki ta yi yawa, wai kin taɓa tsare mai gyaran rediyo sai ya gaya miki inda mutanen ciki suke kwana. Kada ki bari girman kujera ya rage miki wannan halin. Idan tambaya ta hau maƙogwaronki ki fito da ita, ko wa ke zaune a bencin gaba. Za ki yi kuskure, don ba a yi alƙalin da bai yi ba, kuma jinin kakanki ne a jikinki. Hasken zai dame ki, idonki zai yi ruwa, mutane za su ga lokacin da kika ruɗe da lokacin da kika ji tsoro. Ki bar su su gani. Abu guda nake roƙo, kafin a rantsar da ke ki je da safe ki ce wa masinja ya buɗe miki zauren, ki shiga akwatin tuhuma ki tsaya kaɗan. Akwai wani katako a ƙasansa da yake motsi idan mutum ya sauya ƙafa. Ina so ki san ƙararsa, don idan kika ji ta daga sama ki gane abin da ke faruwa da mai tsayuwar.

Saura babanki. Ki gaya masa alkawarin nan da ni ya ƙulla, ba da ke ba, kuma ni na kwance shi yau da hannuna. Ya riƙe shi fiye da yadda ya kamata, kuma nasa nauyin ya fi nawa. Ni na tafi na daina ganin ginin, shi kuwa yana kwana yana tashi a ƙarƙashinsa, yana kau da kai daga aikin ubansa saboda ni. Shi ne ya riƙa zuwa gidan yari da ƙunshin abinci a hannu, rana da ruwa, bai taɓa nuna mini gajiya ba, kuma ban taɓa gode masa yadda ya dace ba, don a gidanmu maza ba su iya wannan ba. Ki ce ya fito da rigarsa mai kyau ya raka ki, ba bakin ƙofa ba, har ciki. Idan ya kawo maganar ƙafa, akwai ƙaramar ƙofa ta gefen bishiyoyi wadda ba ta da matakala, ya san ta. Idan ya fara gardama ki ce masa kotu ta yanke hukunci, kuma ba ɗaukaka ƙara. Ni kam ba zan zo ba. Kada ki ɗauka fushi ne. Alƙalamina ya isa tudun nan, ƙafata ce ba ta isa ba tukuna, kuma ba zan yi miki alkawarin da ban san ranar cika shi ba.

Ki gaishe mini da innarki da kyau, ki ce ina sane da addu'arta. Ki gaishe da Gwaggo da sabon idonta, da surukarta da haƙuri. Ki gaishe da Auta da angon ƙarni, da Dogo direba, da Tela idan har yanzu yana zaune a bakin layi yana ɗinka rigar mutane da zancensu. Yaranki ki shafa mini kawunansu. Maigidanki kuma ki ce ina yi masa jaje, daga yanzu gardamar cikin gida ma ya rasa ta. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki daga tsoron mutane, Ya sa ki sauka daga kujerar nan da fuskar da kika hau da ita. Ki kai musu amsa gobe da safe, kada ki jira ƙarshen wata, na riga na ci miki kwanaki da yawa.

Ni ne naki har kullum,
Baffanki, Magini.